Yadda iska mai sanyi ke haddasa hadari a gaɓar tekun kudancin Amurka

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da hunturu ke ja da baya a Amurka, busasshiyar iska mai sanyi kan gangaro daga Kanada, ta yi karo da iska mai ɗumi da laima da ke tasowa daga Tekun Meziko.

Da yake mai sanyin ta fi nauyi, sai ta kutsa ƙarƙashin mai ɗumin, ta cira ta sama. A can ne tururin ruwa ke hucewa ya zama gajimare, hadari ya haɗu, a kece da ruwa da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara.

Bayan wucewar hadarin, iska kan juyo daga arewa, gari ya washe, biranen gaɓar teku irin su Houston da New Orleans su samu sauƙin zafi na 'yan kwanaki.

Sai dai ba kullum ake wanyewa lafiya ba. Tsakanin 25 da 28 ga Afrilun 2011, irin wannan karo ya haifar da ɗaruruwan guguwa masu ƙarfi da suka hallaka mutane fiye da 300, mafi yawansu a jihar Alabama.