Ramukan Kuza Da Dattijon Da Ya Koya Mana Iyo



Duk wanda ya tashi a Jos ya san ramukan kuza. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a wannan yanki, har aka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso a 1914 domin kwasarta. Da yawa daga cikin kakanninmu wannan aiki ne ya kawo su daga Kano, Katsina da Bauchi. Daga baya harkar ta yi ta ja baya, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, aka bar mana ramuka a Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi cike da ruwa.

Waɗannan ramuka ba kamar rafi ba ne. Bakinsu a tsaye yake, taku biyu sai zurfi, ƙasansu laka ce, ga sanyi mai ɗaure jiki. Amma nan ne yaran gari suke zuwa wanka a ɓoye, kuma kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da ruwa ya ci.

Wannan ne ya sa nake tuna wani dattijo da muke kira Baba, Allah ya jiƙansa. Mahaifinsa leburan kuza ne, shi kuma ya yi shekaru yana kula da wurin ninƙaya na wani otal a cikin gari. Ina ɗan shekara 12 mahaifina ya kai ni wurinsa, bayan ya ji labarin ina bin yara zuwa rami.

Baba ba ya tara yara ya yi musu bayani daga bakin ruwa. Ɗaya bayan ɗaya yake shiga da mu. Ni matsalata tsoro ce, da ruwa ya taɓa mini hanci sai in sandare. Sati biyu bai koya mini komai ba sai fitar da numfashi a cikin ruwa da kwanciya rigingine, hannunsa a ƙarƙashin ƙeyata, har ranar da ya zare hannun ban sani ba. Abokina kuwa rawar kai ce ta yi masa yawa, shi sai Baba ya riƙa sa shi iyo har ya gaji, domin ya san iyakar ƙarfinsa. Da a taro aka koya mana, da babu wanda zai lura da bambancin.

Abin da ya fi nanata mana shi ne: in ka ga wani yana nutsewa, kada ka faɗa ruwa, domin zai riƙe ka ku tafi tare. Miƙa masa sanda ko igiya, ko ka jefa masa jarkar da babu komai a ciki, sannan ka kira manya.

Ramukan nan suna nan har gobe, kuma ba mu manta da ambaliyar Yulin 2012 da ta ci rayuka a Rikkos da Gangare ba. Hana yaro zuwa rami wajibi ne, amma hani kaɗai bai hana mu ba a zamaninmu. Shawarata ga iyaye ita ce a nemi wanda ya iya, mai amana, ya koya wa yaro hannu da hannu a wuri marar zurfi, 'yan mata kuma a samar musu mace. Za mu kawo maganar a taronmu na gaba, in sha Allah.

Allah ya gafarta wa Baba, ya tsare mana zuri'a.

Sakataren Ƙungiya