Ƙara wa mota kat-kat kal domin ɗaukar kaya: amfaninsa da iyakarsa

Kal wani ƙarfe ne mai kauri, ko alminiyom, ko roba mai tauri, da ake sakawa tsakanin sifirin ɗin mota da mazauninsa domin a ɗaga motar daga ƙasa. Sunan daga Faransanci aka aro shi, kamar yawancin kalmomin garejin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Waɗanda suka fi neman wannan aiki su ne masu Toyota Hilux da Land Cruiser da ke cin kasuwannin ƙauye, da masu bin hanyar Tanut zuwa Agadas, da masu ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma. Dalilinsu ɗaya ne: da an yi lodi sai bayan motar ya zauna, ta riƙa dukan ƙasa a kwazazzabai tana jan ciki a cikin yashi. Kal yana maido da tsawon da ya ragu, amma ba ya ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka.

Abin da ke ɗauke da nauyin mota

Nauyin mota da na kayanta yana sauka ne a kan sifirin, daga nan ya wuce zuwa pon, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu, sannan ya ƙare a kan taya. Sifirin iri biyu ne aka fi gani. Akwai naɗaɗɗe, wanda makanikai ke kira rasor, akwai kuma lam, wato ƙarafa masu faɗi da aka jera bisa juna aka ɗaure. Amortisa kuwa aikinta hana motar tsalle bayan ta faɗa rami, ba ita ke ɗauke da kaya ba.

Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, da lam ta fito gaba da baya a samfurorinta na aiki. Daga 1999 samfurin 78 da 79 suka koma rasor a gaba, lam a baya. Hilux ta 2005 zuwa yau tana da rasor da ke naɗe da amortisa a gaba, kowace ƙafa na motsi ita kaɗai, bayanta kuma lam ne. Land Cruiser 80 rasor ce gaba da baya. Wannan bambanci shi ke nuna irin kal ɗin da zai dace da kowace mota.

Ire-iren kal

Na farko zobe ne da ake ɗorawa bisa kan rasor. Kaurinsa yawanci daga milimita 20 zuwa 50 ne. A motar da ke da pon ɗaya miƙaƙƙe, gwargwadon kaurin kal gwargwadon tashin motar.

Na biyu shi ne wanda ake ɗaurawa a saman amortisar gaba, kamar a Hilux. A nan tashin motar ya fi kaurin kal ɗin, sau da yawa ninki ɗaya da rabi ko fiye, saboda amortisar tana zaune ne a tsakiyar hannun da ke riƙe da ƙafa. Mai son ɗagawar santimita 4 ba ya buƙatar kal mai santimita 4.

Na uku dunƙulen ƙarfe ne da ake sakawa tsakanin lam da pon, tare da sabbin birid masu tsawo, wato ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗaure lam da pon. Wannan yana ɗaga mota ne kawai idan lam na saman pon, kamar a Hilux kat-kat. A Land Cruiser jerin 70 lam na ƙarƙashin pon ne, don haka dunƙule a wurin saukar da ita zai yi. A irinta, ƙarfen da ke rataye da ƙarshen lam ake tsawaitawa.

Abin da kal ke yi

Ƙarfin sifirin yana cikin kaurin ƙarfensa da yadda aka ƙera shi, kuma kal bai taɓa ko ɗaya daga ciki ba. A misali, in bayan mota yana sauka da santimita 8 idan an loda mata buhu takwas, bayan an saka kal ma santimita 8 zai sauka. Abin da ya sauya shi ne ta fara saukar daga sama kaɗan. Kamar jaki ne da aka ƙara wa akumari kauri: kaya sun ƙara tashi, bayan jakin yana nan yadda yake.

Duk da haka kal yana da wurin da yake amfani. Yana daidaita motar da gabanta ya sunkuya saboda an ɗaura mata ƙarfen kariya ko ƙarin batir. Yana daidaita wadda ta karkata gefe ɗaya. Yana ba taya ɗan fili kada ta gogi jikin mota. Sai dai a motar da ke da pon miƙaƙƙe, kal jikin motar kaɗai yake ɗagawa. Kwandon pon, wanda shi ke fara dukan dutse ko tudun yashi, yana nan a tsawonsa, tsawon taya ne kaɗai ke ɗaga shi.

Iyakar nauyi

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya yanke mata, ita da kayanta. An rubuta shi a wani ɗan allon ƙarfe ko takarda da ke jikin motar, a takardun Faransanci kuma ana kiransa PTAC. Idan aka cire nauyin motar wayam daga wannan adadi, abin da ya rage shi ne kayan da za ta iya ɗauka. Ga Hilux da Land Cruiser masu buɗaɗɗen baya, abin yana kusa da tan ɗaya, ya danganta da samfuri.

Tan ɗaya ba ya da wuyar cika. Litar ruwa kilo ɗaya ce, don haka tano biyar masu lita 200 sun riga sun kai, tun ba a ƙidaya ƙarfen tanon ba. Tano ɗaya na gazuwal yana kusa da kilo 170. Buhu goma na hatsi masu kilo 100 tan ɗaya ne cif. Direba, yaron mota, fasinjoji, tayar safiya, bidon ruwa da kayan gyara duk suna cikin lissafin. An yanke wannan iyaka ne bisa ƙarfin birki, pon, shasi da taya, kuma kal ba ya ƙara wa ko ɗayansu ƙarfi.

Haɗarin da ke ciki

Babban haɗarin kal shi ne yana ɓoye alama. Zaman da bayan mota ke yi shi ke gaya wa direba kaya sun isa. Da an ɗaga ta sai a ga kamar da sauran wuri, a ci gaba da lodi.

Na biyu shi ne birki. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser da ba su da ABS suna da wata ƴar na'ura a baya, haɗe da pon ta wani siririn ƙarfe, mai auna yadda motar ta zauna. In ta zauna sosai, na'urar na ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki. In aka ɗaga bayan motar ba a gyara wannan ƙarfe ba, na'urar za ta ɗauka kaya ba su da nauyi, ta rage birkin baya a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Na uku shi ne kifewa. Duk tashin da mota ta yi, nauyinta ya yi sama ke nan. Idan aka haɗa da kaya da aka jibga har suka wuce rufin direba, da mutane a bisansu, kwana ɗaya da gudu ko gangaren tudun yashi ya isa ya kayar da ita.

Akwai kuma ɓarnar da ke zuwa a hankali. Amortisa tana kaiwa ƙarshen tsawonta da wuri, ta riƙa bugawa har ta zubar da mai. Tiyon birki yana miƙewa fiye da kima. A motar da ƙafafun gabanta ke motsi daban-daban, kardan da rotil suna aiki a karkace, robobinsu su yage, yashi ya shiga. Dunƙule mai tsawo a ƙarƙashin lam yana sa pon ya riƙa murɗa lam ɗin idan motar na fama a cikin yashi, har ta kai ga karyewa. Ba a ɗora dunƙule bisa dunƙule, ba a kuma saka shi a lam ɗin gaba, inda sitiyari yake.

Idan nauyi ne matsalar

Motar da ke zama alhali kayanta ba su wuce ƙa'ida ba, sifirinta ne ya gaji. Maganinsa shi ne a sauya lam, ko a ƙara guda ɗaya ko biyu a kowane gefe daidai wa daida, ko a saka rasor mai ƙarfi tare da amortisar da ta dace da shi. Wannan yana rage zaman da gaske, sai dai motar za ta yi tauri idan ba kaya, kuma iyakar da kamfani ya yanke tana nan. Taurin da ya wuce kima yana tura duka zuwa shasi, musamman a mota mai ƙofa huɗu da yawancin kayanta ke bayan pon. Irinta ce shasinta ke lanƙwashewa a bayan ɗakin fasinja.

Taya ma tana da nata lissafi. Lambar da ke bin girmanta tana nuna nauyin da za ta ɗauka: 100 na nufin kilo 800, 112 kilo 1120, 120 kilo 1400. Wannan da cikakkiyar iska ne. Tayar da aka rage wa iska domin yashi ba ta kai haka ba, kuma in aka hau kwalta da ita ba a ƙara iskar ba, zafi zai fasa ta.

Tsarin lodi yana gyara abin da ƙarfe ba ya gyarawa. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, kusa da ɗakin direba, gaban pon ko bisansa, a kuma raba su daidai hagu da dama.

Bayan an saka kal

Ana saka kal biyu-biyu ne, hagu da dama, masu kauri ɗaya. Daga nan a sake saita ƙafafun gaba, a saita fitilu, a gyara ƙarfen na'urar birki in motar na da ita. A ɗaga motar har ƙafafu su rataya, a duba ko tiyon birki da amortisa suna da sauran sarari. Birid da aka kwance sabbi ake mayarwa, kuma ana sake ɗaure su bayan tafiyar farko da kaya, domin sukan saki. Kafin doguwar tafiya irin ta Agadas zuwa Dirku, inda gareji ke da nisa, ana gwada motar da lodinta a kusa da gari, a taka birki a ji yadda take tsayawa.