Fagge, Zangon da Ya Zama Gari

Masu cewa Fagge ba ta da wani tarihi sai wanda Turawa suka yi mata suna kallon layukanta ne kawai, waɗanda aka yanka tsaf a zamanin mulkin mallaka. Amma tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, wannan fili da ke bayan ganuwa, daura da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai, zango ne na ayarin Buzaye masu saukowa daga Azbin da gishirin Bilma. A nan ake durƙusar da raƙuma a sauke kantu, a nemi fatoma da dillali, sannan a ɗauki hatsi da turkuɗi a koma arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari a 1913, sai baƙin suka sauya: Kwarori suka buɗe kantunan yadi, wanda shi ne tushen Kantin Kwari na yau.

Za a iya cewa wurin da kowa baƙo ne ba ya yin hali nasa. Wannan magana da nauyinta, domin Fagge ba ta da tsofaffin gidajen sarauta irin na cikin birni. Sai dai karɓar baƙo ma gado ne, kuma shi Fagge ta riƙe. Jikokin fataken da suka sauka don kwana kaɗan su ne 'yan unguwa yanzu, da masallatansu da makarantunsu na allo. Ya kamata a rubuta tarihin gidajen nan tun dattawan da suka san shi suna raye.