Na'urorin ɗaga kaya a sito: abin da ya kamata ka sani kafin ka nemi aiki

Ina aiki a wani sito da ke yankin masana'antu na Idu a Abuja. Sau da yawa ’yan'uwa daga Agege ko Sabon Ibadan kan bugo mini waya su ce, "Malam, ana ɗaukar ma'aikata, amma wai sai wanda ya san na'ura." To, ga su nan.

Kusan duk kayan sito a kan falet suke, wato katakon nan da ake jera katan ko buhu a kansa. Wanda muka fi gani tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 100.

Mafi sauƙi shi ne jak na hannu. Ka zura yatsunsa biyu ƙarƙashin falet, ka yi ta buga hannun har kayan su bar ƙasa, sai ka ja. Yana ɗaukar tan 2 zuwa 2 da rabi, amma ɗagawarsa ba ta wuce santimita 20. Duk wanda ya taɓa tura kura zai iya shi a yini guda. Sai dai yawancinsu ba birki, kar ka shiga gabansa a gangara. Yayansa shi ne sitaka, mai kai falet kan kanta.

Babbar magana ita ce fokilif, irin su Toyota, Hyster da Heli ta Caina. Akwai mai dizal, mai gas da mai batir. Ƙarfe ne mai nauyi a bayanta yake hana ta kifewa, shi ya sa wadda ke ɗaukar tan 2 da rabi ita kanta takan kai tan 4. Da tayoyin baya take juyawa, don haka bayanta kan yi wurgi. Iya tuƙin mota bai sa ka iya ta ba, wallahi. Kuma ka karanta farantin da ke jikinta: nauyin da aka rubuta na kayan da tsakiyarsu ke kusa da gindin yatsu ne, galibi santimita 50. Kaya suka yi tsawo ko aka ɗaga su sama sosai, ƙarfin ya ragu. Na ga wani sabon direba ya raina wannan, tayoyin baya suka tashi, katan-katan na man gyaɗa suka tarwatse, aka zare kuɗin daga albashinsa.

Mai dizal a fili take aiki, wajen sauke tirela. Cikin rufaffen ɗaki hayaƙinta guba ne.

A lungu mai matsi tsakanin dogayen kantoci, mai batir ce ke shiga, wadda ke miƙa yatsunta cikin kanta har sama da mita 10. Akwai kuma wadda ke ɗaga mutum kansa ya tsinto katan ɗaya-ɗaya na odar kwastoma. Wannan, kar ka hau sai ka ɗaura bel ɗin tsaro, ko da manaja na gaggawa.