Liyarin 1780: dalar azurfa daga ayarin Azbin zuwa Akokan

A kasuwar Akokan, kamar sauran kasuwannin Nijar, da dala ake ciniki. Mai tumatir ta ce dala ashirin, mai saye ya miƙa mata ƙwandala mai lamba 100, kuma babu wanda ya ga saɓani. Kalmar ta girmi garin nesa ba kusa ba. Akokan gari ne na jiya: kampanin COMINAK, da aka kafa cikin 1974, shi ya gina shi kusa da Arlit domin ma'aikatan ramin uraniyom na Akuta, wanda ya soma aiki cikin 1978. Ita kuwa dala, asalinta kalmar Jamusanci ce, taler, sunan wani babban kuɗin azurfa da ya ratsa Sahara bisa raƙuma tun kafin zuwan Faransawa.

Ƙasar Azbin ta san kuɗin ƙarfe tun kafin wannan azurfa. Cikin 1353 matafiyi Ibn Batuta ya sauka Takadda, wadda masana da yawa ke ganin ita ce kufan Azelik, arewa da Ingal. Ya tarar ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda: masu kauri 400 a miskalin zinariya guda, sirara kuwa 600 zuwa 700. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta, da masu kauri ake sayen hatsi da man shanu. Ashe tun wancan zamani mutanen yankin suna rarrabe kuɗi bisa kauri da nauyi.

Kuɗin da Hausawa suka kira liyari, ko dala, yana ɗauke da fuskar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, lulluɓe da mayafin takaba; a bayansa akwai gaggafa mai kai biyu. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kuma kashi 833 cikin 1000 azurfa ce tsantsa. Sarauniyar ta rasu cikin 1780, amma fatake na Gabas da na Afirka sun riga sun amince da kuɗinta, ba su karɓar wani. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba tare da an sauya ta ba. Daga 1935 zuwa zamanin yaƙin duniya na biyu an buga shi har a Roma, London, Paris, Burusal da Bombai. Jimillar waɗanda aka buga ta haura miliyan 300, kuma mafi yawansu shekara guda suke nunawa.

Ta hanyar Tarabulus da Gat ya iso Azbin, daga nan ya gangara Damagaram da Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Agadas cikin Oktoba 1850 ya isa Kano a farkon 1851, ya rubuta cewa a Kano dala guda wuri 2500 ce. Da Faransawa suka kafa mulkinsu, sai suka shigo da nasu kuɗin azurfa na tamma 5, mai giram 25, wanda ya yi kusa da liyari a girma, ya gaji sunansa. An ƙirƙiro kuɗin CFA cikin Disamba 1945, azurfa ta ɓace daga kasuwa, amma sunan ya tsaya: har yau tamma 5 dala ce, jikka kuwa dala 200. Shi liyari, da ya bar hannun ƴan kasuwa, sai ya koma wuyan mata da murhun maƙera. An huda shi an rataya, an liƙa masa kunne an zura zare, ko an narka shi an zuba cikin ƙirar kakin zuma, ya fito awarwaro, zobe, ko tanagilt, adon da Turawa suka sa wa suna gicciyen Agadas.

Fatake suna da nasu hanyar tantance shi. Akan auna shi a tafin hannu, a sake shi bisa dutse a saurari amonsa. A Habasha da ƙasar Larabawa har ƙirga duwatsun da ke maballin kafaɗar sarauniya ake yi. Idan sun goge, sai a ƙi kuɗin ko a rage masa daraja. Masu tara tsoffin kuɗi na Turai su ma gogewa suke dubawa, amma da matakai rubutattu. A Faransa ana hawa daga B zuwa TB, TTB, SUP, SPL, har FDC, wato kuɗin da bai taɓa shiga hannun ciniki ba. A Amurka, William Sheldon ya fito da ma'aunin 1 zuwa 70 cikin 1949, kuma da shi kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suke aiki tun 1986 da 1987.

A nan ma'auni biyu suka saɓa. A idon mai tarawa, huda, liƙi da gogewa aibi ne. Liyari mai rami faɗuwa yake daga matakan, ya koma farashin azurfarsa. Kuma tunda 1780 ba ta nuna shekarar bugu, yawancin waɗanda ke hannun jama'a ba su da tsadar da masu su ke zato. Sai gwani, ta ƙananan alamu na rubutu da gashin gaggafa, yake gane bugun farko daga na baya. A idon mai tarihi kuwa, wannan ramin shi ne shaida. Yana nuna kuɗin ya zama kayan aure, ya sha zufa, ya bi gado daga kaka zuwa jika. Abin da ya rage masa farashi a Paris shi ya mai da shi ɗan Azbin.

Wannan shaida tana da saurin ɓacewa. Cikin farin 1973 da na 1984, kayan azurfar mata na cikin abin da iyalan Abzinawa suka sayar don sayen hatsi. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Akuta, ma'aikatan kampanin kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Garin da albashi ya tara daga Zandar, Tawa, Maraɗi da dutsen Azbin, idan ya shiga matsi, abin da ke ƙasan akwati ne yake fitowa, kuma murhun maƙeri ba ya tambayar asali.

Hoto ba ya hana sayarwa, amma yana hana mantuwa, kuma wayar salula ta isa. A shimfiɗa kuɗin bisa baƙin ƙyalle kusa da taga, da safe, hasken ya zo daga gefe domin zanen ya fito. A kashe fitilar wayar, don azurfa tana maido haske. A aje ma'aunin santimita a gefensa, a ɗauki fuska, a ɗauki baya, a ɗauki baki, inda aka rubuta taken sarauniyar da Latin. A auna nauyinsa wurin maƙeri. Kada a goge shi da toka, tsamiya ko lemun tsami kafin ɗauka: duhun da shekaru suka bari yana cikin shaida, kuma goge shi rage masa daraja yake. Daga nan sai abin da babu kamfanin tantancewa da zai iya bayarwa: wa ya mallake shi, daga wane gari, a wane aure ya shigo gidan.

Aiki ne da aji guda na kwaleji, ko ƙungiyar al'adu guda, zai iya yi cikin hutu, da yardar masu kayan. Kundin da zai fito zai nuna hanyoyin da mutanen Akokan suka biyo kafin a haƙa rami na farko, kuma zai amsa wa ɗan makaranta tambayar da yakan yi a darasin lissafi: me ya sa 100 take dala ashirin.