Mene ne zip, kuma yaya ake haɗa shi a cikin RAM?

Zip wani nau'in fayil ne da ke tattara fayiloli da yawa ya mai da su ƙunshi ɗaya, ya kuma matse su. Wani Ba'amurke, Phil Katz, ne ya fito da shi a 1989. Matsewar ba tsafi ba ce. Manhajar tana duba inda abu ya maimaita kansa, ta rubuta shi sau ɗaya, sauran wuraren ta sa alamar komawa can. Da an buɗe, komai ya dawo yadda yake, ko harafi ɗaya ba ya ɓata.

Ni dai sanadin shanu na san shi. Baba yana loda tirela daga Kara ta Bukuru, nan Jos, zuwa Oko-Oba a Agege, ni ke tura wa dillalinmu takardar likitan dabbobi, rasidin haraji da hoton kowane sa. Da ɗaya-ɗaya nake turawa ta WhatsApp, shi kuwa rage wa hoto kyau yake yi. Ranar da aka yi gardama kan tambarin wani bijimi, hoton ya dushe, ya kasa raba mu. Idan zip ka tura, a matsayin takarda yake tafiya, ba a taɓa abin da ke ciki.

Yawanci kwamfuta kan ajiye zip ɗin a ma'adanarta tukuna. Amma mai rubuta manhaja zai iya haɗa shi a RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi. A Python, BytesIO ke buɗe wurin, kamar buhu ba komai, da zipfile kuma ake zuba fayilolin foldar a ciki ɗaya bayan ɗaya. Sai an rufe ƙunshin kafin a tura, domin a ƙarshe ake rubuta jerin sunayen abin da ke ciki. In ka manta, mutuminka na Legas zai ga fayil ya ƙi buɗuwa. Amfaninsa, ba a barin kwafin zip ɗin a kwamfutar shagon mutane.

Kada dai ku sa rai zai rage muku data a kan hotuna, JPEG a matse yake tun asali. Rubutu ne ke raguwa sosai. Kuma zipfile ba ya sa wa ƙunshi kalmar sirri, duk wanda ya samu zai buɗe. Folda mai bidiyoyi masu nauyi kuwa tana iya cika RAM, gara a haɗa ta a ma'adana.