Dambe a al'adar Hausawa

Dambe na ɗaya daga cikin wasannin gargajiya mafi daɗewa a ƙasar Hausa, kuma tun asali an san shi ne da mahauta, musamman rundawa, waɗanda kan bi kasuwannin ƙauye suna fawa da rana, da yamma kuma su shiga fage.

Wasa ne na kaka. A yankin noma na kudancin jihar Katsina, daga Funtua da Malumfashi zuwa garuruwa irin su Tsiga a ƙaramar hukumar Bakori, sai an girbe dawa da masara an kai auduga kasuwa sannan kuɗi ke shiga hannun jama'a. A lokacin ne ake bukukuwan aure, a lokacin ne kuma 'yan dambe da makaɗansu ke fita yawon gari-gari.

Ɗan dambe kan naɗe hannu ɗaya da tsumma da zare, shi ne na duka, ɗayan kuma ya miƙa shi gaba domin kariya. Galibi turmi uku ake yi. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, ko da bai ji ciwo ba. Idan babu kisa sai alƙali ya raba su.

Sai dai abin da ke tara jama'a ya wuce naushi. 'Yan wasa sun kasu ɓangare uku, wato Kudu da Arewa da Guramada, kuma ɗan kallo kan riƙe ɓangarensa tamkar garinsu. Sunaye ma na nuna gidan da mutum ya fito: yaro kan ɗauki sunan ubangidansa, a kira shi Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane idan da hagu yake duka.

Makaɗa su ne suka adana tarihin wasan. Da yawa daga masu ambaton Shago da Ɗandunawa a yau ba su taɓa ganinsu a fage ba, a waƙoƙin marigayi Ɗan Anace suka san su.

A Katsina dambe ya kasance wasan talakawa, yayin da ƙwallon dawaki ya samu gindin zama a fada tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sannan ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya shahara a kansa har a ƙasashen waje.

Wasan bai rasa masu suka ba. Malamai da dama na ƙyamar layu da surkullen da wasu 'yan wasa ke dogaro da su, da kuma dukan fuska. Ga shi kuma akan samu karaya da zubewar haƙora, a fagen da ba kasafai ake ganin likita ba.

A 'yan shekarun nan dambe ya fi ƙarfi a birane, inda ake biyan kuɗin shiga gidajen wasa a Kano da Legas da Dei-Dei a Abuja, ana kuma sa mota ko babur a gasa. Hotunan bidiyo a YouTube sun kai shi ga 'yan kallo a Turai da Amurka.

A karkara kuwa, hare-haren 'yan bindiga sun rage tarukan dare. A shekarar 2021 har sai da aka katse layukan wayar salula na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Bakori da Funtua da Malumfashi.